Sanatan Yaya Rufa'i Ya Janye

Mu'aither, Doha

Zuwa ga ƙanwata Zalihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, da fatan gwiwar Inna ta lafa, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau sai zafi. 'Yata Firdaus ta fara tafiya, ta kusa ƙarar min da kofuna.

To, gyara zama. Kin san sanatan nan na Amurka da Yaya Rufa'i yake rubuta digirinsa na uku a kansa, wanda ya ishe mu da zancensa. Lauyan talakawa ne da fari, ya shiga majalisar dattawa, ya daɗe yana kare baƙin haure da marasa galihu, har ya fito takarar shugaban ƙasa. Yaya ya manna hotonsa a ɗakinsu na unguwar Najma a nan Doha, abokan zamansa suka laƙaba masa Sanata. Ko shinkafa na zuba masa sai ya yi mana wa'azin sassaucin ra'ayi kafin ya kai loma. Duk binciken nasa a kan magana ɗaya ya jingina, wai mutumin bai taɓa sauya baki ba. Ai kuwa ya sauya! Da ya ga ƙuri'a na zille masa, sai ya goyi bayan dokar korar baƙi, duk da haka ya sha ƙasa ya janye. Malaman Yaya suka ce ya sake aikin daga tushe, masu ɗaukar nauyin karatunsa suka ce khalas, sun janye tallafi, iƙamarsa kuma, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa.

Ranar Asabar ya zo gidana ido jajir, ko gahawa bai taɓa ba. Ya roƙi maigidana Mika'ilu ya nema masa aiki a kamfaninsu su zama kafil ɗinsa, wato masu tsaya masa ya ci gaba da zama a ƙasar, ni kuma wai in sa baki a sassauta masa. Wallahi dariya ta kusa kashe ni. Na tambaye shi ina sassaucin ya shiga lokacin da kika samu gurbin karatun jinya a nan, ya je ya cika kunnen marigayi Baba cewa budurwa a ƙasar waje lalacewa take yi, har aka hana ki zuwa. Ya sunkuyar da kai yana murza hula. Mika'ilu ya fara tausaya masa, na ce in ya kuskura ya sa hannu, Zariya zan koma da 'yata. Ko ɗigon tausayinsa ban ji ba. Daɗi na ji, har yanzu ma ina ji.

Jirgin Yaya zai sauka Kano ranar Juma'a. Ki share masa ɗakin zaure, amma kada ki wahalar da kanki da girki. Idan Inna ta tara mata ana rangaɗa guɗa wai Dakta ya dawo, ki tashi a gabansa ki faɗa musu hannu wofi ya dawo. Daga bakinki nake so ya ji.

Ki gaishe min da Inna, da Gwaggo Indo, da Suraj da amaryarsa Nasiratu.

Yayarki da ba ta mantuwa,
Wasilatu