Yaron da Uwarsa Ba Ta Kawo Shayi

Malama Tomoe,

Ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Tun ina da baƙin gashi nake koya wa yaran firamaren garinmu wasan besbol, na jifan ƙwallo da bugunta da sanda, yau ga ni ina neman saba'in. A da yara kan cika filin har sai na raba su gida uku. Su zo da sassafe, kai a aske ƙwal, su cire hula su rusuna wa filin kafin su taka shi. Iyaye kuwa sai ranar gasa kake ganinsu, su ma daga bayan shingen waya. Matata Fumie ce ke zuwa da ƙatuwar butar shayin sha'ir mai sanyi a bayan kekenta, da dunƙulen shinkafa don wanda ya fito bai karya ba. Ta san duk yaron da ke ɓoye yunwa. Ni aikina ihu, ita aikinta lallashi.

Da ta rasu, iyaye mata suka tausaya mini, suka ce za su riƙa kawo shayin bi da bi. Ranar har hawaye na yi a bayan ɗakin kaya. To, a hankali tausayi ya koma doka. Kowace uwa da ranarta: ta zo tun safe, ta zuba wa yara, ta miƙo mini nawa da hannu biyu, ta wuni a rana.

Yanzu yara goma sha ɗaya suka rage mini. Cikinsu akwai Ryohei, ɗan shekara goma. Jifansa ba wani ƙarfi, amma shi ke fara zuwa, shi ke share fili. Uwarsa ita kaɗai ke riƙe da shi, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, Asabar da Lahadi ma ba hutu, don haka ba ta taɓa yin ranarta ba. Matar Kuwabara, shugabar iyaye, ta same ni da irin ladabin nan mai yanka, ta ce in Ryohei ya buga wasan Lahadi mai zuwa, gida huɗu za su janye 'ya'yansu. Da yara bakwai ba a shiga fili, Malama, sai tara. Ƙungiyar za ta mutu a hannuna ke nan. Yaron ma ya ji ƙishin-ƙishin, jiya ya tambaye ni ko zai iya dafa shayin da kansa. Ina kewar zamanin da, kuma na gaji. Yaya zan yi?

Tsohon Koci, Ehime

Koci,

Fumie ta burge ni tun daga takardarka. Amma ka lura, zamanin da kake kewa mace ɗaya ce ta ɗauki nauyinsa, don tana so. Matan nan gadar abin suka yi. Sun ba da Lahadinsu shekara da shekaru, wasunsu su ma da aikinsu, kuma ina shakkar ko ka taɓa tambayarsu ko sun gaji. Ba haushin Ryohei suke ji ba, shi ne dai wanda suka fi ƙarfi.

Babu mai iya soke wannan doka sai wanda ake miƙa wa kofin, wato kai. Ka fara ganin matar Kuwabara ita kaɗai, ka yi mata godiya ta gaskiya, ka gaya mata daga yanzu kowane yaro zai zo da gorarsa, kai ma haka. Ka roƙe ta ta sanar wa sauran da bakinta, don kada ta ji an kayar da ita. Sannan ka nemi uwar yaron, don ban ga inda ka ce kun taɓa magana ba.

Ba zan yi maka alkawarin duk za su tsaya ba. In sun tafi, ka haɗa yaranka da na garin maƙwabta, ba abin kunya ba ne. Amma ka sa Ryohei ya buga. Ƙungiyar da ba za ta rayu ba sai an zaunar da yaro saboda aikin uwarsa, ba ita kake kewa ba.

Ina maka fatan ƙarfin zuciya, da Lahadi mai kyau.

Tomoe