Ƙodar Hussaina Ta Zauna

Hunkuyi, Ƙaramar Hukumar Kudan.

Zuwa ga ƙanina Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya kai da iyali a Fatakwal, ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, an shigo da masara, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Albishirinka, an yi wa ɗana Ja'afar dashen ƙoda a Kano, kuma ta zauna. Ka dai ga yadda ciwon ya mayar da shi kamar kara. Da likita ya ce a kawo ɗan'uwa, Mamuda ya kafe cewa shi ne babban wa, ba mai riga shi. Sai gwajin jini ya nuna yana ɗauke da ciwon hanta, shi da bai taɓa kwanciya jinya ba. Likita ya ce wataƙila a askar wanzami ya kwaso, ko wurin ƙahon da ake yi masa duk kaka. Ka san ɗan naka da taurin kai. Ya dawo gida ya yi ta ɗirkar jiƙon sabara wai yana wanke jini, ya koma a sake gwadawa. Likita ya zaunar da shi, ya ce ƙoda tana tafiya ne da abin da ke jinin mai ita, kuma magungunan da Ja'afar zai riƙa sha suna rage garkuwar jiki, cutar da wa ke yawo da ita tana iya kayar da ƙane. Ranar Mamuda ya yi kuka, ni ma na yi. Amma wani hanin ga Allah baiwa ne, yanzu shi ma ana duba shi, kuma aska tasa yake kai wa wanzami.

Sai Hussaina, autata da muke wa kallon yarinya, ta ce a gwada ta, mijinta ya amince. Aka yi ta ɗibar jininta har ta ce sun fi sauron ƙauyen Taba naci, komai ya fito tas, aka dasa masa tata. Naka sai naka. Yanzu tana ta tsokanar Ja'afar cewa dole ya riƙa gaishe ta da safe.

Jiya ina zaune Ja'afar ya ɗaga moɗa ya sha ruwa har ya ƙoshi, yaron da aka daɗe ana auna masa ruwa a ɗan kofi. Sai na yi hamdala.

Inna da Mamuda suna gaishe ka. Ka gaida Hafiza da Ya'u.

Taka yayarka,
Adama