Wushiryar Inna

Yaya Hadiza,

Ina gaisuwa. Yaya jikin, yaya Alhaji da yara? Muna lafiya a Lyon, amma raina a ɓace yake.

Jiya 'yata Nafisa ta zo daga Paris, ta yi murmushi, na ga baƙuwa. Ashe Turkiyya ta je aka toshe mata wushirya. Har tana ƙorafin inshora ta ƙi biya, wai kwalliya ce. Yau kam ina bayan inshora.

Wushiryar Innarmu ce fa. Tun rasuwarta, a bakin yarinyar nan kaɗai nake ganin dariyar da take yi in tana tsefe mana kai.

Ki turo min hoton Inna, wanda take dariya. A sa mu a addu'a, a gai da Gwaggo.

Ƙanwarki,
Rabi