Lambar da Kawu Ya Shafe da Farar Ƙasa

Yaya Nura,

Salamu alaikum, ko da yake ba amsa zan samu ba. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma in ban rubuta ba sai na zagi babba, ka kuwa san bakina.

Ka san abin da mutanen unguwarmu, Ƙofar Guga, ke cewa ya kashe ka? Ba sikilar da ka yi ta fama da ita tun kana goye ba. Wai tsibbu. Wai hatimi ka zana a bangon ɗakinka, ka kira abin da ya fi ƙarfinka.

Kawu Sale ne ya fara. Ranar addu'ar uku ya shiga ɗakinka neman tabarma, ya ga gidajen da ka ja da alli, kowanne da lamba a ciki. Bai tambayi kowa ba. Ya fito zaure gaban jama'a yana salati, ya ce ga dalili nan. Kafin la'asar an shafe bangon da farar ƙasa.

Yaya, 33,550,336 ce fa! Lambar da ka hana ni sakat da ita tun da ciwo ya raba ka da aji. Da shida ka fara min: ɗaya, biyu da uku ne ke raba ta ba saura, in an tara su kuma shidan ce ke dawowa. Ka ce irinsu ake kira cikakkun lambobi, kuma ba su da yawa. Ashirin da takwas ce ta biyu, ta bango ita ce ta biyar. Ka yi ta raba ta biyu har ka iso 8,191, wadda ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Abin da ke cikin gidajen ke nan, su da sauran masu raba ta, ka jera don in tara in gani da idona. Ina aljani a nan? Tun yaushe rabawa ta zama shirka?

Na tara, Yaya. Ta fito cif. Ni da na bar makaranta, da littattafanka kawai na iya. Na zo in gaya maka, na tarar an wuce da kai asibiti.

Ga labarin gida. 'Yar'uwarmu Zainab ta haihu, namiji. Mijinta ya so a sa sunanka, danginsa suka ce a'a, sun ji magana. Wannan ma da sauƙi. Inna ce. Matar da ta yi ta gasa maka ƙafa da ruwan zafi shekara da shekaru, jiya ta ja ni gefe tana tambayata ko ka samu ka tuba kafin ka cika. Tuba daga me? Ita ma Kawu ya sa mata shakka a kanka, Yaya, kuma da ita take kwana.

Don haka ba zan bari ba. Ranar Juma'a in an sauko, zan rubuta lambar da gawayi a bangon waje, gida-gida kamar yadda ka yi. Kawu ya zo gaban mutanen da ya faɗa wa, Inna tana ji daga soro, ya nuna mana gidan da aljanin yake. In bai iya ba, ya buɗe baki ya ce bai sani ba, ya yi maka ƙazafi. Ba a ɗaki zai ce ba, ba kuma aike zai yi ba.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ƙaninka da bai iya shiru ba,
Bashir