Kusurwar Ƙasa ta Hagu

Litinin, 3 ga Maris

Yau an tara mu a ɗakin taro tun ƙarfe goma, wai horaswa kan yadda ƙwararru ke tsara manhajoji a fuskar waya. Ni da na shekara goma sha huɗu ina zana wa mutane gidaje, yau wani mai farin takalmi ne zai koya min inda zan ajiye kalanda. Da niyyar gyangyaɗi na shiga.

Amma mutumin ya iya baki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya haska mana wayar wani lauya a bango: manhaja takwas kacal a shafin farko, saƙonni, kalanda, abin ɗaukar murya, sauran duk an kora su baya. Ta wata injiniya kuma folda huɗu ce, kowace da sunanta. Ya ce ƙwararre ba ya lalube a wayarsa, yatsansa ya san hanya. Sai ya faɗi wadda ta tsaya min a rai: "Ku duba kusurwar ƙasa, inda babban yatsa ke fara sauka. Abin da ke nan shi ne kan gaba a rayuwarku."

Na leƙa tawa a ƙarƙashin tebur. Wasan kati ne. Na yi maza na goge.

Talata, 4 ga Maris

Na gyara tawa tsaf. Shafi ɗaya, folda huɗu: Zane, Ofis, Gida, Hanya. A kusurwar ƙasa na ɗora maman yara, taɓawa ɗaya sai kira. Na kai mata tana gugar kayan aikinta. Ta ce, "Ya yi kyau," ko ɗago kai ba ta yi ba. Na sa mace a kan gaba a rayuwata, abin da na samu ke nan. Ya yi kyau.

Alhamis, 6 ga Maris

Raina a ɓace yake, kuma ina da dalili.

Tana wanke-wanke saƙo ya shigo mata, ta ce in karanta mata. Na karanta, sai ido ya yi abin da ya saba. Wannan ba waya ba ce, juji ne. Shafi shida! Babu folda ko ɗaya. Bangon kuma toka-toka fayau, ko hoton yaranta uku babu. Ungozoma ce babba, shekara goma sha shida a ɗakin haihuwa, kowa Sista, Sista, amma wayarta kamar akwatin makaniki. Agogon ƙirga naƙuda a sama, tocila a tsakiya, abin lissafin watannin ciki a gefe, kalkuleta har biyu. Me mutum zai yi da kalkuleta biyu?

Da hagu take riƙe waya, don haka kusurwar hagu na duba. "Likitan kira," wato likitan da ake nema in gaggawa ta taso. Shi ne kan gaba.

Na shiga neman kaina. Shafi na biyu babu. Na uku babu. A na biyar na tsinci kaina, tsakanin manhajar hasashen ruwan sama da wani wasan Auta na kifaye.

Juma'a, 7 ga Maris

Na yi mata maganar muna shan shayi. Na ce, "Sista, ashe a shafi na biyar muke haya?" Sai ta fashe da dariya har tana ƙwarewa. Ta ce, "Abban yara, kai ma dai. Wayar aiki ce." Na ce ni ma ai aiki nake yi, ba zaman banza ba. Ta ce kar in taɓa mata komai, ita ta san inda kowane abu yake ko ido a rufe.

Dariyar ce ta fi ci min rai. Da faɗa ta yi da na san an ji ni.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya ta zo. Na yi kuskuren kai mata ƙara. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Kai dai tun kana ƙarami haka kake. Ka manta ranar da ka jera wa Mama gwangwanayenta bisa tsayi, ta zuba gishiri a shayin baƙi?" Shekara talatin ke nan, har yau ba a bar ni na huta da gwangwanayen nan ba. Ita da maman yara suka haɗu suna dariya a kicin. A gidana.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban ce wa kowa komai ba yau. Ba wanda ya lura ma.

Litinin, 10 ga Maris, da safe

Na yi. Tana wanka, minti goma sha biyar suka ishe ni. Shafi shida sun koma biyu. Folda: Asibiti, Lissafi, Abokan Aiki, Gida. Kalkuleta ɗaya na bari. Bango na sa hotonmu mu biyar na ranar da Auta ta fara makaranta. Likitan kira ya koma cikin Abokan Aiki, inda ya dace da shi. Kusurwar hagu kuwa mai ita, wato ni, ya karɓi abarsa.

Ta fito a makare, ta jefa wayar a aljihu ba ta ko duba ba, ta fice. Za ta yi ɗan ƙorafi, daga baya ta gode min.

Litinin ɗin dai, da yamma

Ƙarfe takwas da minti ashirin na safe abin ya faru. Ina tsaye gaban shugaban ofishinmu muna duba zanen wata makaranta, sai ga sunanta a wayata. Har murmushi na yi. Na ce masa minti ɗaya, na fita baranda in karɓi godiya.

Ihun mace na fara ji. Sai muryarta daga ɗan nesa: "Likita, gado na uku, jini ya ɓalle, ka zo yanzu." Na ce ni ne. Wata murya kusa da wayar, nas ɗin da ke tare da ita, ta ce, "Sista, ba likita ba ne, mijinki ne." Ta ce, "Na ce miki ƙasa daga hagu." Nas ta ce, "Nan na danna."

Hannuwanta biyu suna cikin safa, suna kan matar. Ashe haka suke yi. Ita ba ta taɓa wayar, faɗa take yi, wani ya danna.

Sai maman yara ta ce, "Ajiye. Ruga ki kira shi da ƙafa."

Nas ta ajiye ba ta kashe ba. Ina ta ihu a baranda, yana cikin Abokan Aiki, shafi na biyu, shafi na biyu! Ba mai ji na. Ni ne nake jin su. Ina jin ta tana cewa, "Kalle ni, ƙanwata. Kar ki rufe ido. Wane suna za ki sa masa? Faɗa min." Shekara goma sha biyu muna tare, ban taɓa jin wannan muryar ba. Babu rawa a cikinta ko kaɗan. Minti uku da daƙiƙa arba'in, wayata ta ƙirga, kafin na ji takun namiji da gudu, sai wani ya kashe.

Ban san yadda na koma ciki ba. Shugaba ya ce lafiya? Na ce lafiya.

Ta dawo ƙarfe biyar. Ta gaida ni kamar yadda ake gaida maƙwabci, ta shige ɗaki. Ban iya tambayarta halin da matar asibitin take ciki ba.

Talata, 11 ga Maris

Wane irin asibiti ne ran mutum zai rataya a kan kusurwar wayar ma'aikaciya? Ina ƙararrawa? Ina wayar bango? Wai akwai, ta lalace tun bara. To laifin wa ke nan? Kowa zai zo ya nuna ni da yatsa, masu ofis kuwa suna zaune suna shan iska.

Ita kuma da ta duba wayar a mota ai da ta gani. Mutum ya fita aiki bai duba kayan aikinsa ba?

Na rubuta wannan, na karanta, na tsani kaina. Amma ba zan goge ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na samo lambar mai farin takalmi na kira shi. Na zazzage masa tas, na ce surutunsa ya kusa kashe mutum, wataƙila ma ya kashe. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Yallaɓai, wayarka na ce ka tsara." Na kashe. Mara kunya. Ko haƙuri bai iya bayarwa ba.

Har yanzu ban san ko matar tana da rai ba. Na kasa cin abinci, na ce wa yara ciwon ciki ne.

Alhamis, 13 ga Maris

Ta canza lambar sirri. Na gani da idona, wayar tana kan firji, na ɗan gwada, ba don komai ba. Ta ƙi buɗewa. Nas-nas sun san sabuwar, dole su sani tunda su ke dannawa. Mijinta ne bai sani ba.

Abinci yana zuwa a kan lokaci, kayana a goge. Wallahi gara ta zage ni.

Asabar, 15 ga Maris

Yara sun tafi gidan Yaya. Na tare maman yara a kicin na ce yau sai ta yi min magana, ni ba kujera ba ne.

Ta kashe murhu. Ta ce matar tana da rai, jaririn ma. Leda uku na jini aka ƙara mata, jiya aka mayar da ita ɗakin masu jego. Na zauna a kan buhun shinkafa.

Ta ce an sa ta rubuta bayanin jinkirin. Na ce me kika rubuta? Ta ce, "Wayata ce, alhakina ne. An ba ni takardar gargaɗi." Ta farko a shekara goma sha shida. Nan na tashi da faɗa, na ce don me ba ki ce ni ne ba, wa ya roƙe ki ki rufa min asiri? Ta ce, "In rubuta me? Mijina yana kishi da likitan kira?"

Sai na koma kan hoton. Na ce to hoton yaranki fa, shi ma laifi ne? Uwa ce ke ko ba uwa ba? Ta ce wayar nan a gaban fuskar mata take riƙe ta, tana nuna musu minti nawa tsakanin ciwo da ciwo. "Wata nata bai zo da rai ba, Abban yara. Wata na huɗu ke nan tana rasawa. Sai in ɗora mata fuskar 'ya'yana uku suna dariya?"

Na ce duk na ji. Amma shafi na biyar fa? Ko ni kaina na ji yadda maganar ta fito, kamar ta Auta in an hana ta alewa.

Ta ce, "Ka taɓa ganin na je shafi na biyar neman ka?" Sai ta karanto lambata daga farko har ƙarshe, ba numfashi. Ta ƙara da tsohuwar, wadda na bari tun kafin a haifi babbar 'yarmu, ni kaina na manta da ita. Ta ce da hannu take danna ta kullum, ta fi mata sauri. Wanda take tsoron mantawa shi take ajiyewa a kusurwa, don likitan kira kowane mako canzawa yake.

Ta kunna murhu. Ta ce, "Faɗi tawa lambar."

Na faɗi huɗun farko. Kowa ya san huɗun farko.

Lahadi, 16 ga Maris

Tambayar ba adalci a cikinta. Wa yake haddace lamba a zamanin nan? Na tambayi mutum uku a layinmu, ba wanda ya san ta matarsa. Ɗaya ma dariya ya yi min.

Litinin, 17 ga Maris

Ta mayar da shafukanta shida, na hango tana duba saƙo. Bangon toka, kalkuleta biyu. Na tambaya, a fusace dai, ta ce ɗaya na awon magani ne bisa nauyin jiki. Shi na goge.

Na rubuta wa hukumar asibitin takarda mai zafi kan wayar bangon nan, shafi biyu, da sunana da sa hannuna, har da abin da na yi ranar Litinin. Ban nuna mata ba. Ba don ita na yi ba, haushinsu nake ji.

Laraba, 19 ga Maris

Aiki ya yi yawa. Shugaba ya dawo da zanen makarantar, wai ƙofar gaggawa ta yi nisa da azuzuwa. Da bara ne da mun kwashi 'yan kallo, don zanen ya fi kyau yadda yake. Na matso da ita.

Na cire maman yara daga kusurwar wayata. Wurin yana nan fayau, ban sa komai ba. Da rana na kira ta in tambayi ko a sayo burodi, alhali akwai a gida. Da hannu na danna. Karon farko wani mai gyaran famfo ya ɗauka, biyun ƙarshe nake juyawa. Na biyu ya shiga.

Ta ce, "Lafiya?" Na ce burodi. Ta ce akwai. Na ce na sani. Sai ta ce, "Bakwai ne kafin tara, ko?" Ban san yadda aka yi ta sani ba, ban kuma tambaya ba.

Ba ta ba ni sabuwar lambar sirrin ba tukuna. Ban nema ba.

Bakwai kafin tara. Na rubuta a nan ne kawai don takarda ta saura.