Robar Haƙorin da Na Yi wa Ingrid

Ni, Dakta Lorraine Petrak, likitar haƙori a garin Duluth shekara talatin da huɗu, ina rubuta wannan wasiyya ga 'ya'yana biyu, Tobias da ƙanwarsa Ingrid, ina cikin hankalina. Lauya ya ce dole da wannan jimla zan fara, kuma yau gaskiya ce. Da a shekarar korona aka sa ni rubuta ta, da ƙarya na yi, kuma da na sa hannu ko gezau ban yi ba. Ciwon dajin da nake fama da shi ya kai hanta. Likitana ya ce saura wata huɗu, amma yana faɗa yana kallon takalminsa, don haka ku ɗauka uku ne.

Na ɗaya. Gidan da kuka tashi a ciki naku ne ku biyu, rabi da rabi. Kwalekwalen marigayi babanku na Tobias ne, tunda shi kaɗai ne bai taɓa kifar da shi ba. Littattafaina ku kai ɗakin karatu na gari. Kada wanda ya yi ƙaryar zai karanta su.

Na biyu. Akwai haƙƙin wani a wuyana, kuma ba na kuɗi ba ne. Kun san Gordon Lindahl, abokin aikina da muka buɗe asibitin tare. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda muka rabu.

Da annoba ta zo aka rufe mu makonni, sai wanda ciwo ya hana shi barci ake yarda mu gani. Da aka buɗe, sai muka koma sana'ar da babu irinta: kowa a duniya an ce ya rufe bakinsa ya tsaya nesa, mu kuwa mukan ce wa mutum ya cire takunkumi ya wangale baki, mu sunkuya har numfashinsa yana dukan fuskarmu, sannan mu kunna injin da ke fesa yawunsa ko'ina a ɗakin. Takunkumi biyu, gilashin fuska, riga kan riga. In na koma gida a gareji nake tuɓe kaya, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Mutanen gari suna liƙa takardun godiya ga likitoci da masu jinya a tagoginsu. Mu abin da ake ce mana shi ne, ya aka yi kuɗin wanke haƙori ya ƙaru.

Wata safiya na tarar da Gordon zaune cikin motarsa a ƙofar asibiti, hannu biyu a kan sitiyari, injin a kashe. Na ƙwanƙwasa gilashi. Ya ce, "Lorraine, ƙafafuna sun ƙi shiga." Ni kuma, mai ilimin jami'a, na ce masa, "Malam, kowa ya gaji. Mutum shida ke jiranka, ka taso." Ya taso. Bayan wata biyu ya bar aikin gaba ɗaya, kuma tun daga nan ko gaisuwar Kirsimeti ba ta shiga tsakaninmu. Tobias, ka kai masa kwafin wannan takarda hannu da hannu. Ka ce masa na san abin da ya kamata in ce ranar, kuma ban ce ba. Idan ya rufe maka ƙofa, ya yi daidai.

Na uku, kuma don shi na zauna rubutun nan. Asibitin.

Ingrid, kin gama karatu kin zo wurina wata takwas kafin annobar. Ba ki taɓa sanin wannan sana'a a lokacin da take da daɗi ba. A shekarun nan babu abin da muka fi gani kamar tsagaggen haƙori. Malaman makaranta, direbobi, masu shago, kowa yana cizon haƙora cikin barci har matauni su fashe. Mukan duba mu ce damuwa ce, mu ɗauki awon baki, mu yi wa mutum robar da zai riƙa sawa in zai kwanta, mu sallame shi. Mun ƙware wajen gane damuwa a bakin kowa.

Sai ranar da kika hau kujerata don in duba ki. Shekararki ashirin da tara, haƙoranki sun zaizaye kamar na tsohon da ya ba saba'in baya. Bayan hannuwanki duk ya tsattsage saboda yawan wankewa. Na san kina zama a mota kafin ki shigo, don ta tagata ake ganin wurin ajiye motoci. Na ga duk wannan. Me na yi? Na ɗauki awon bakinki na yi miki roba. Mai kyau kuwa, ban taɓa yin wadda ta zauna daram kamarta ba. Kika ce, "Na gode, Mama, gajiya ce kawai," na ce to madalla. Uwa ta ga 'yarta tana narkewa, sai ta kare mata haƙora.

Na san dalilin da ya sa kika ƙi ganin likitan ƙwaƙwalwa, don ni na koya miki. Duk shekara takardar inshorar aiki tana zuwa da tambayar nan, ko an taɓa duba ka kan ciwon damuwa. Duk shekara kina gani ina cika a'a, ina ce miki wanda ya ce i ya jawo wa kansa bincike. Ni ma sai bara na je, bayan an gano ciwon nan, lokacin da babu sauran abin da zan rasa. Matar ta saurare ni awa guda, ta ce tun yaushe nake ɗauke da wannan. Na ji haushinta ƙwarai, don tambayar ta yi daidai.

To ga hukuncina. Asibitin ba zai shiga hannunki ba tukuna. Mabuɗi zai zauna wurin Tobias. Za ki yi wata shida ba ki taɓa bakin kowa ba, ki ga likita, kuma in takardar ta zo ki rubuta gaskiya. Bayan nan, in kina son wurin, naki ne har da kujerun. In ba ki so, a sayar, kuma kada wani ya ce miki kin zubar da abin da uwarki ta gina. Bulo ne da famfo da ƙamshin magani. Na san za ki ce ko ina mutuwa sai na juya ki. Haka ne. Wannan karon dai don ki fita nake yi, ba don ki shiga ba.

Na huɗu. Ku biyu ku daina gabar nan. Shekara biyu ke nan ba ku zauna teburi ɗaya ba, tun ranar bikin godiya na shekara, muna cin talotalo, da Tobias ya ce, "Ku likitocin haƙori, in gida na cin wuta sai ku ce wa mai gidan ya buɗe baki ku gani." Ingrid, kin jefe shi da cokali kin ce makanikin bas me ya sani. Ya sani. Shi kaɗai ne a gidanmu ya kalle ki ya ce ba ki da lafiya, mu masu digiri muka yi masa ca. Kai kuma Tobias, gaskiyarka ce, amma ka iya faɗar gaskiya kamar mai jifa da dutse. Ka sassauta. Ka riƙa kiranta, in ba ta ɗauka ba ka tafi gidan.

Na biyar. A jana'izata kada kowa ya tashi ya ce ni jaruma ce da ban taɓa fashin aiki ba ko kwana ɗaya. Gaskiya ne, kuma ba abin yabo ba ne.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku barci mai daɗi, ya ba ku mutanen da za su tambaye ku lafiya su kuma tsaya su ji amsa. Ku riƙe juna, don daga ni ba ku da wani sai junanku.

Sashe na uku ba ya jiran mutuwata. Jiya na kira marasa lafiyanmu na tura su wasu asibitoci, ma'aikata kuma na sallame su yadda ya dace. A ofis nake wannan rubutu, yau Asabar, Tobias yana waje yana ta danna min hon. Zan kashe fitila, in ja ƙofar da kaina, in miƙa masa mabuɗi.

Ingrid, ran Litinin kada ki zo. Babu wanda ke jiranki a ciki.

Mahaifiyarku,
Lorraine