Na Ƙirga Numfashin Jikana, Na Yi Shiru

Mai ba da shawara, ka taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Shekara talatin na yi ina aikin jinya a ɗakin jarirai, na koyar da ɗaruruwa. Aka sallame ni da takardar yabo, a gida kuma na koma tsohon nan mai mita.

Wata huɗu ke nan 'yata ta haihu. Kwana uku yaron ya rage kama nono, muka kai shi asibiti. Nas ɗin yarinya ce, ita kaɗai kan gado goma sha biyu. Ta ƙirga numfashinsa na daƙiƙa sha biyar, ta ninka sau huɗu, ta rubuta hamsin da biyu. Numfashin jariri kuwa yakan yi sauri ya ɗan tsaya, sai an cika minti guda. Na ƙirga da agogona: saba'in da huɗu, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa. Na san me ke nan: in ya wuce sittin, akwai haɗari. Amma da safen nan surukina ya ce mini a gaban mutane zamanina ya wuce. Sai na kame bakina. Aka ce mu koma gida. Washegari da la'asar yaron ya cika.

Yanzu nas ɗin ta zo har gida tana kuka, wai in riƙa zuwa ɗakin jariransu ina koya musu. Na kore ta. Da wane ido zan shiga ɗakin nan?

Tsohon ma'aikacin jinya

Baba, Allah ya ji ƙan yaron, ya ba ku haƙuri.

Ba zan ce ba ka yi kuskure ba, ka fi ni sani. An ci fuskarka, amma shirunka ba kan surukinka ya faɗa ba, kan yaron ya faɗa. Sai dai ba wanda zai rantse cewa maganarka za ta ƙara wa yaron kwana.

Yarinyar nan ta amsa nata laifin, ta tako har ƙofarka. Kai naka yana cikin wasiƙa. Ka neme ta, ka faɗa mata abin da ka faɗa mini. Sannan ka je ɗakin, ko sau ɗaya a mako. Gobe ma za a kawo wani jaririn, za a ƙirga masa daƙiƙa sha biyar.

Ka ɗaura agogonka, Baba. Allah ya sanyaya maka zuciya.